Ɗaukar hoton furannin daji da tsaunuka daga kan keke a tudun Jos: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi fitowa daga bakin masu sha'awar hawa keke a turbobin duwatsu da na kurmi, waɗanda kuma suke son su koma gida da hotunan furanni da na shimfiɗar ƙasar da suka ratsa. An gina amsoshin a kan tudun Jos na Jihar Filato, amma yawancinsu za su yi amfani a duk inda aka haɗa keke da kyamara da hanyar daji.

Wane irin keke ake nufi, kuma dole ne ya kasance mai tsada?

Ana nufin keken hawa duwatsu, wato mai faffaɗar taya mai haƙora, da giya da yawa, da birki mai kamawa sosai, sau da yawa kuma da shoka a gaba. Asalinsa daga Kaliforniya ta Amurka ne, inda wasu matasa suka riƙa gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga dutsen Tamalpais a shekarun 1970. A 1981 aka fara ƙera shi da yawa don kasuwa, a 1996 kuma ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta. Ba dole ne ya yi tsada ba. Keken gwanjo mai lafiyayyen birki da ƙaramar giya ta hawa tudu ya wadatar, tunda manoma sun daɗe suna bin waɗannan turbobi a kan kekunan da ba su da giya ko ɗaya, da buhu a baya. Abin da ba na yarda a yi sakaci da shi ba shi ne birki da hular kwano.

Me ya sa aka zaɓi tudun Jos?

Saboda tsawonsa da yanayinsa. Birnin Jos yana kan tudu mai kimanin mita 1,200 daga doron teku, duwatsun Shere da ke gabas da shi kuwa sun kai mita 1,829. Wannan ya sa iska take da sanyi, mutum yana iya tuƙa keke na sa'o'i ba tare da zafi ya galabaitar da shi ba, kuma ana samun ruwan sama daga Afrilu zuwa Oktoba. A tafiyar safiya ɗaya mai keke zai iya ratsa filin ciyawa, da tarin manyan duwatsu da suka hau kan juna, da siririn kurmin da ke bin rafi, da dashen itatuwan turare, da kududdufan da haƙar kuza ta bari tun farkon ƙarni na 20. Kowannensu da irin haskensa da irin tsirransa, kuma da ƙafa ba za a iya haɗa su duka kafin rana ta yi zafi ba. A nan keke yake da amfani.

A wane lokaci na shekara ake samun furanni?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin wanda ya san lokacin fure ya riga ya yi rabin aikin tun bai taɓa kyamara ba. Mutane da yawa suna zaton sai da damina ake ganin furanni, alhali rani ma yana da nasa, kuma na rani sun fi sauƙin ɗauka saboda ciyawa ba ta rufe su.

Da sanyin hunturu zuwa farkon bazara, bayan wuta ta ci daji, rawaya takan fito da manyan furanninta daf da ƙasa, babu ganye ko ɗaya, a tsakiyar baƙar toka. Daga saiwar wannan tsiro ake samun rinin da launin rawaya ya ci sunansa, kuma ban san wani fure a ƙasar nan da ya fi shi fitowa a hoto ba, domin baƙin ƙasar da ta ƙone yana ƙara masa haske. A wannan lokaci ne kuma gurjiya take zubar da ganye ta cika da jajayen furanni masu kauri, minjirya ta yi ja, sansami ya lulluɓe da furanni masu launin hoda, ɗorawa kuma ta sako jajayen tuntayenta suna reto.

Da ruwan farko ya sauka a Afrilu da Mayu, sai tsirrai masu albasa a ƙasa su riga ciyawa fitowa. Albasar kwaɗi takan buɗe fararen furanni masu jan zane a wurare masu damshi. Daga nan sai takalmin zomo, wanda ganyayensa huɗu suke kwanciya a ƙasa kamar faifai, furen ruwan ɗorawa kuma ya fito a tsakiyarsu. Shi ne furen ƙasa na Najeriya, shi ne kuma aka zana a gindin tambarin ƙasar, kodayake a tambarin an yi masa launin ja. Furensa ba ya daɗewa, saboda haka wanda ya gan shi a buɗe ya sauka a take, kada ya ce sai a komowa. A tsakiyar damina baurairai, wanda wasu ke kira gatarin kurege, yakan hau kan ƙananan bishiyoyi da furanninsa masu ja da rawaya da suka lanƙwashe baya kamar harshen wuta.

Da kaka ciyawa ce sarauniya. Kyasuwa takan yi ja, gamba ta yi tsawo ta fi mutum, sannan wani dogon tsiro mai furen rawaya da ya samo asali daga Meziko yakan cika bakin hanyoyi a Oktoba da Nuwamba. Baƙo ne, kuma yana danne tsirran gida, amma ba za a hana shi kyansa ba.

Da wane lokaci na yini ya kamata a fita?

Da sassafe. A Jos rana tana fitowa tsakanin ƙarfe 6 da kusan ƙarfe 7 gwargwadon wata, kuma da yake muna kusa da tsakiyar duniya, tana miƙewa sama da sauri. Lallausan hasken nan mai ruwan zinariya bai cika wuce sa'a ɗaya ba. Ya kamata mutum ya bar gida da gari ya fara wayewa, ya zamana fitowar rana ta same shi a wurin da ya nufa. Da safe iska takan kwanta, raɓa tana kan ganye, farin bado da ya buɗe da dare a kududdufi bai rufe ba tukuna. Hasken yamma ma yana da kyau, sai dai duhu yana rufawa cikin ɗan lokaci bayan faɗuwar rana, kuma gangarowa daga dutse a kan keke da almuru ba abin da zan ba kowa shawara ba ne. Ranar da hadari ya rufe sama ba tare da ruwa ba, rana ce mai kyau ga furanni tun daga safe har azahar, domin gajimare yana tace haske ya kawar da inuwa mai kaifi.

Za a iya ɗaukar hoto ana cikin tafiya, ba tare da an tsaya ba?

A'a. Wanda ya saki hannu ɗaya ya ɗaga waya a kan turba mai tsakuwa ya rage wa kansa rabin birki, idonsa kuma ya bar hanya, sannan hoton da zai samu bai kai darajar wannan kasada ba. Ƙaramar kyamarar bidiyo irin GoPro da ake ɗaurawa a ƙirji ko a hular kwano tana iya ɗaukar tafiyar kanta, amma ba za ta ba da hoton fure ba.

Gaskiyar magana ita ce ayyukan nan biyu suna jan mutum ɓangare biyu. Mai keke yana kallon mita biyar zuwa goma a gabansa, yana neman inda taya za ta bi, kuma ba ya son ya rasa gudun da ya tara. Mai hoto kuwa yana buƙatar ya durƙusa, wani lokaci ya kwanta rubda ciki, ya jira iska ta lafa. Ba a gudu ana susar takashi, in ji Hausawa, kuma wanda ya ce zai yi duka biyun a lokaci guda yakan dawo da tafiya marar daɗi da hotuna marasa kyau. Abin da na ga ya fi shi ne a raba tafiyar. A lokacin hawa tudu mutum yana tafiya a hankali, idonsa yana ganin gefen hanya, tsayawa kuma ba ta da wuya, saboda haka nan ne wurin neman furanni. A gangara sai a mayar da kyamara jaka a rufe, a ba hanya dukkan hankali. Idan an tsaya, a janye keken daga turba, kuma kada a tsaya a bayan kwana inda mai zuwa ba zai hango ba. Idan tafiyar ta ƙungiya ce, a yi magana tun a gida cewa yau ranar hoto ce, domin babu abin da ke ɓata zumunci a hanya kamar mutum biyar su tsaya cikin sanyi suna jiran ɗaya.

Wayar hannu ta isa, ko sai an sayi kyamara?

Waya ta isa a fara, kuma ga shimfiɗar ƙasa da rana tana yin aiki mai gamsarwa. Tana da wata fa'ida ta musamman: idan aka juya ta kai ƙasa, idonta yana sauka daf da ƙasa, inda rawaya da takalmin zomo suke. Inda take gazawa shi ne cikin duhun kurmi, da furen da ke saman bishiya, da kuma lokacin da iska take kaɗa tsiro. Wanda ya kai ga sayen kyamara ya nemi ƙarama mai gilashi guda da zai iya ɗaukar na kusa da na nesa. Gilasai uku a jaka nauyi ne a tudu, canza su cikin ƙurar hunturu kuma yana shigar da datti cikin kyamara.

A ina ake ajiye kyamara a lokacin tuƙi?

Ba a rataye ta a wuya, domin za ta riƙa dukan ƙirji da kan keke, kuma igiyarta na iya sarƙe reshe. Wuri mafi dacewa shi ne jakar ƙugu mai soso a ciki, wadda ake juyowa gaba idan an tsaya, ko jakar goyo, a naɗe kyamarar cikin riga a sa ta inda ba za ta tokare ƙashin baya ba idan an faɗi. Jikin mutum yana shanye girgizar hanya, ƙarfen keke kuwa yana isar da ita kai tsaye. Wannan ne ya sa ba na ɗaure waya a kan keke a turbar duwatsu. A 2021 kamfanin Apple ya yi gargaɗi cewa girgizar injin manyan babura tana iya lalata ɓangaren da ke daidaita rawar hannu a kyamarar wayoyinsa, kuma duk da cewa keke ba shi da inji, hattara ta fi. Da damina a tafi da leda mai zif, a gida kuma kada a bar kyamara cikin jaka mai danshi, domin fumfuna tana tsirowa a cikin gilashi kuma cire ta yana da wuya.

Me ya sa hoton fure yake fitowa dishi-dishi, alhali a fuskar waya ya yi kama da mai kyau?

Dalilai uku ne, kuma kowanne da maganinsa. Na farko numfashi. Wanda ya gama hawa tudu zuciyarsa tana bugawa, hannunsa yana rawa ko bai lura ba. Ya zauna minti biyu ya sha ruwa, sannan ya kafa gwiwar hannunsa a ƙasa ko a kan jakarsa kafin ya danna.

Na biyu iska. A tudun Jos da wuya ta tsaya cak, amma tana zuwa ne tana ɗaukewa, kuma wanda ya zuba wa fure ido na ɗan lokaci zai ga akwai daƙiƙa ɗaya ko biyu da yake natsuwa. Mai kyamara ya sa saurin ɗauka a kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa ko fiye, ko da hakan zai sa ya ɗaga ISO, wato saitin ƙarfin karɓar haske na kyamara, zuwa 800 ko 1600, domin ɗan ƙura-ƙura a hoto ya fi hoton da ya motsa. Zai iya kuma tare iskar da jikinsa ko da jakarsa.

Na uku shi ne wanda mutane ba su cika sani ba. Idan kyamara ta matso kusa da abu sosai, faɗin wurin da zai fito tar yana raguwa har ya koma 'yan milimitoci, sai ka ga gefen furen ya fito sarai, tsakiyarsa kuma ta dushe. Maganinsa a zaɓi wurin da ake so ya fito, galibi tsakiyar furen inda ƙurar haihuwarsa take, a taɓa wurin a fuskar waya ko a kai saitin kyamara kansa. A kyamara, ƙunƙunce buɗewar ido zuwa f/8 yana ƙara faɗin wurin, buɗe shi zuwa f/2.8 ko f/4 kuwa yana narkar da bayan hoto ya bar furen shi kaɗai. Kowace waya tana da iyakar kusancin da ba ta iya saiti a ƙasa da shi, saboda haka idan ta ƙi kamawa, a ja baya kaɗan a yanke hoton daga baya. A ɗauki biyar ko shida a jere, domin sau da yawa ɗaya ne kawai zai fita.

Jan fure da rawaya suna fitowa kamar an zuba fenti, babu zane a jikinsu. Ina gyaran?

Kyamara tana auna hasken wurin gaba ɗaya, kuma idan bayan furen duhu ne, kamar ƙasar da ta ƙone ko inuwar kurmi, sai ta ƙara haske har launin furen ya cika ya tumbatsa. A rage hasken da hannu: a waya a taɓa furen a ja alamar rana ƙasa, a kyamara a rage kashi biyu cikin uku na mataki ko mataki ɗaya a ma'aunin haskenta. Idan rana ta take, mutum ya yi wa furen inuwa da jikinsa, ya tabbata inuwar ta rufe har bayansa. Farar takarda da aka naɗe a aljihu tana iya mayar da haske ƙarƙashin furen da ya sunkuya. Akwai kuma dabarar da na fi ƙauna, wato a zagaya a sa rana a bayan tsiron. Baurairai da kan kyasuwa idan haske ya ratso su ta baya sukan yi kamar an kunna su.

A cikin kurmin bakin rafi matsalar daban ce. Haske kaɗan ne, wanda ya ratso ganye kuma yana zuba ɗigo-ɗigo, fari a nan baƙi a can. A jira gajimare ya rufe rana, ko a nemi furen da yake cikin inuwa gaba ɗaya.

Ina tsaye a kan dutse ina ganin ƙasa mai faɗi da kyau, amma a hoto sai ta zama ba komai. Me ya ɓace?

Zurfi ne ya ɓace. Ido biyu suna gane kusa da nesa, hoto kuwa shimfiɗe yake, saboda haka dole a sa masa abin da zai nuna tazara. A nemi abu a gaba, kamar dutse, ko gungun furanni, ko shingen kerana da mutanen tudun ke kewaye gonaki da shi, sannan wani abu a tsakiya, kamar turbar da ke lanƙwasa, sai tsaunuka a can baya. Keken kansa yana da amfani a nan: idan aka jingina shi a gindin babban dutse, mai kallo zai gane girman dutsen nan take. Amma kada keken ya shiga kowane hoto. A kula layin da sama ta haɗu da ƙasa ya miƙe daidai, musamman a bakin kududdufi, inda ruwa yake tona karkata ko yaya take.

Duwatsu suna son hasken da ya zo ta gefe, na safe ko na yamma, wanda ke fito da tsaga da ƙwarya-ƙwaryar jikinsu. Da tsakar rana dutsen Riyom ma, da duk shahararsa, toka-toka yake fitowa. Iska mafi tsabta ita ce ta safiyar da ta biyo bayan ruwan dare, lokacin da ake hango nesa ƙwarai. Hazon hunturu kuwa bai kamata a ɗauke shi abokin gaba ba. Yana share ƙananan abubuwa, amma yana jera tsaunuka ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fi na gabansa dushewa, rana kuma takan zama jan faifai da ake iya ɗauka. A magangarar ruwa irin ta Assop, wanda yake son ruwan ya fito kamar zare sai ya rage saurin ɗauka zuwa rubu'in daƙiƙa, ya ɗora kyamarar a kan jaka ko busasshen dutse. Jiƙaƙƙen dutse yana da santsi ƙwarai, kuma bai kamata a taka shi don neman kusurwa ba.

Yaya ake ɗaukar abokin tafiya yana wucewa a kan keke?

A riga shi zuwa wurin, a zaɓi inda za a tsaya a wajen turba, ba a bayan kwanar da zai iya zamewa zuwa gare ta ba, sannan a kira shi. Kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa yana tsayar da shi cak. Idan ana son a nuna gudu, a sauko zuwa kashi ɗaya cikin 30 ko 60, a bi shi da kyamara yayin da yake wucewa. Kada a roƙi kowa ya maimaita wurin da ya ba shi tsoro saboda hoto.

Laifi ne a tsinke fure ko a shiga gefen hanya don a samu hoto mai kyau?

Ni ina ganin laifi ne, kuma babu buƙata. Furen da aka tsinka ba zai yi iri ba, tsirrai masu albasa kuma sukan shekara suna tara abincin da za su yi fure sau ɗaya. Busasshen kara da ya gitta ana iya kautar da shi a hankali a sake shi. Keken ya tsaya a bakin turba, mutum ya shiga da ƙafa yana duban inda yake takawa.

Akwai abin da baƙo ya kamata ya sani game da wannan tudu. Acca, wadda ake nomawa sosai a nan, tana kama da ciyawar daji ga wanda bai san ta ba, kuma mutum zai iya kwanciya a tsakiyar gonar wani yana ɗaukar hoto bai san ɓarna yake yi ba. Haka nan waɗannan turbobi ba don wasa aka yi su ba, hanyoyin gona ne da na rafi da burtalin shanu. Mai keke shi ne zai kauce wa mai kaya a ka, ya sauka idan ya tarar da garke, ya yi gaisuwa. Wasu kurmi da duwatsu wurare ne masu alfarma ga al'ummomin Birom da Afizere da Anaguta da sauransu, kuma ba a shigarsu sai da izini. Dajin Amurum da ke Laminga wurin bincike ne na cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, saboda haka sai an tambayi masu kula da shi kafin a shiga. Ba a ɗaukar hoton mutum, balle mace ko yaro, sai an nemi yardarsa, ba a kuma nuna kyamara wajen bariki ko shingen jami'an tsaro.

Waɗanne haɗura ne suka shafi mai ɗaukar hoton furanni musamman?

Maciji ne na farko, domin mai hoto yana kai hannu da fuska inda mai keke ba ya kaiwa. Kasa ba ta gudu, kwanciya take ta saje da ganye, kububuwa kuma ƙarama ce amma dafinta yana kisa. A dubi wuri sosai kafin a durƙusa, a buga ciyawa da sanda, kada a sa hannu a ƙarƙashin dutse. Idan tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin ko a ɗaure shi tamau. A hana gaɓar motsi a garzaya asibiti. Cibiyar lafiya ta Zamko da ke yankin Langtang ta yi suna wajen maganin saran maciji, amma asibiti mafi kusa shi ne na farko.

Tsirrai ma suna da nasu. Ƙaiƙayin ƙarara ba ya barin mutum ya tuƙa keke, ruwan kerana da na tinya yana ƙona fata kuma yana da haɗari ga ido, baurairai kuwa guba ne, musamman saiwarsa. Tsidau da ƙaya suna huda taya, saboda haka famfo da kayan faci da tiyub na ajiya ba sa barin jaka. Da damina hadari yakan taso da rana ko da yamma, kuma saman dutse shi ne mafi munin wuri idan ana tsawa. Ƙara tana tafiyar kilomita ɗaya cikin kimanin daƙiƙa uku, don haka idan tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, lokacin sauka ya yi, komai kyan sararin sama. Kududdufan kuza suna da zurfi kuma bakinsu yana zaftarewa.

Batun tsaro fa?

Ba za a ɓoye shi ba. An sha kai hare-hare a ƙauyukan ƙananan hukumomin Riyom da Barkin Ladi da Bokkos da Mangu da Bassa, kuma wurin da yake lafiya a wannan wata yana iya canzawa a wata mai zuwa. Ba a fita mutum ɗaya. A tambayi mazauna wurin a ranar da za a fita, a gaida mai unguwa ko dagaci, a ɗauki ɗan gari ya yi jagora a kuma biya shi haƙƙinsa, a bar wa wani a gida bayanin hanya da lokacin dawowa. Kada a sa hoto a Facebook ko WhatsApp ana nuna inda ake sai an koma gida. Dazuzzukan da aka san 'yan bindiga suna fakewa a ciki, irin su Kamuku da Rugu, ba wurin keke ba ne a halin yanzu.

Za a iya amfani da ƙaramin jirgi marar matuƙi?

Tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Najeriya ta hana tayar da shi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Wanda ba shi da takarda ya bar shi a gida.

Ban da Jos, ina kuma?

Tudun Mambila a Jihar Taraba ya fi na Jos tsawo da sanyi da ruwa. Ana hawansa ta hanyar Serti zuwa Gembu, kuma can akwai tuddai masu koriyar ciyawa da gonakin shayi na Kakara da kurmin Ngel Nyaki. A gandun Gashaka-Gumti da ke maƙwabtaka dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya. Tafiya ce mai nisa, laka da damina tana cika taya har ta ƙi juyawa, kuma shiga gandu ko kurmin da aka keɓe sai da izinin hukuma da ɗan rakiya.

Idan na ɗauki furen da ban san sunansa ba, yaya zan gano shi?

Tun a wurin ake shirya amsar. Bayan hoton kwalliya, a ƙara uku na shaida: ganyen daga sama da ƙasa, tsiron gaba ɗaya da hannu ko kwalbar ruwa a gefensa don a ga girmansa, da kuma wurin da ya tsiro, ko dutse ne ko fadama ko inuwa. Manhajoji irin su iNaturalist da PlantNet suna ba da shawara, amma sukan yi kuskure a tsirran Afirka ta Yamma, don haka a ɗauki amsarsu a matsayin mafari. Manomi ko makiyayi ko mai maganin gargajiya da aka nuna wa hoton sau da yawa zai faɗi sunan da amfaninsa da watan da yake fure, kuma yana da kyau a rubuta sunan da Hausa da kuma harshen mutanen wurin. A rubuta kwanan wata da wurin a littafi, domin shekara mai zuwa wannan rubutu ne zai nuna makon da ya kamata a koma. Idan tsiron ba a cika samunsa ba, kamar wasu furannin ƙasa da ke fitowa bayan ruwan farko, a goge bayanin wuri daga hoton kafin a yaɗa shi, saboda masu tonowa su sayar. Wajen gyara kuwa, a daidaita haske da karkata a yanke gefe, amma a bar launin yadda ido ya gan shi, domin wanda zai yi amfani da hoton ya gane tsiron a daji yana buƙatar ainihin launinsa.